Sirdin Keken Malam Abubakar

Duk Tsafe babu wanda bai san keken marigayi Malam Abubakar malamin gona ba: siraran tayoyi, kai a lanƙwashe kamar ƙahon rago, sirdi kuwa can ƙasa, ya kusa zama a kan ƙarfe. Da Allah Ya yi masa rasuwa, keken ya faɗo a rabon ɗansa Jibo, mai koyarwa a firamare a 'Yandoto. To, Jibo dogo ne, irin dogayen da sai sun sunkuya suke shiga zaure. In ya hau, gwiwoyinsa har neman gaisawa da haɓarsa suke yi. Masu shan shayi a bakin titi kan ajiye kofi su bi shi da kallo.

Wata biyu yana zuwa makaranta a haka, gwiwar dama ta fara kumbura, sujada ma sai da nishi. Haliru mai gyaran keke, abokinsa tun suna yara, ya ce masa aikin minti biyar ne: a kwance noti ɗaya, a ɗaga sirdin kamar taƙi guda, a ɗan ɗago kan, shi ke nan. Jibo ya ce atafau. Yadda Baba ya bar shi haka zai zauna, don wannan notin hannun tsohon ne ya ɗaure shi. Haliru ya tuna masa cewa marigayin ma dogo ne, kuma shi ma a takure ya yi ta yawo ana yi masa dariya. Jibo ya ce ai ka ji, ashe da dalili, mai ilimi ba ya yin abu a banza. Har bayani ya ƙirƙiro, wai sirdi in yana ƙasa iska ba ta tura mutum baya. Kai, Jibo akwai taurin kai!

Ranar Asabar da hantsi yana tsakar gida yana shafa man zafi, mahaifiyarsa Inna Hajara tana tankaɗe. Ya kawo mata ƙarar Haliru, har da bayanin iskar, yana jiran ta ce ya kyauta. Sai ta ajiye rariya ta kama dariya, har tana share hawaye da gefen zane.

"Wace iska? Ni aka sauke wa sirdin nan."



Ta ce shekarar da aka kawo keken daga Gusau, ba a ma haifi Jibo ba, ta faɗa cikin wasa cewa tana sha'awar ta iya hawa. Sai Malam ya je ya sa sakata a ƙofar gida, ya ba ta wandonsa ta saka, ya sauke sirdin har ƙafarta ta taɓa ƙasa. Yana riƙe da keken ta baya, tana zagaya rijiya. Sau biyu ta faɗa kan akurkin kaji. Da ta iya, ta ce ya mayar da abinsa yadda yake, ya ƙi, wai kada wata rana ta yi marmari ta tarar ya yi mata tsawo. Shekara talatin da biyar yana bin ƙauyuka a takure, har Bungudu ya je a haka, bai taɓa gaya wa kowa dalili ba.

Tausayin tsohon ya kama Jibo, ga kunyar surutun da ya yi ta zuba wa Haliru. Ya ce mata ai yanzu ne ma ba zai iya taɓa notin ba.

"Shi don matarsa ya yi," in ji ta. "Kai don wa za ka gurgunce? Tashi ka kai wa Haliru ya ɗaga."

Ya miƙe yana ɗingishi, ya ja keken. Ya kai bakin zaure ke nan ta kira shi. Tana karkaɗe garin hannunta, idonta a kan sirdin, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

"Tsaya tukuna. Rufe ƙofar nan ka zo ka riƙe mini ta baya. In kuwa ka saki, ni da kai ne."