Uban Likita a Kan Benci

Malam Abdulmuttalib ya yi shekara talatin da biyu yana koyarwa a wata Islamiyya a Getso, amma ba karatu ne ya cika masa zaure ba. Zauren ya fara cika ne a shekarar da 'yarsa ta uku, Ikilima, ta gama karatun likita aka turo ta aiki wani asibiti a ƙasar Kabo.

A nan kusa da su akwai ɗan ƙaramin asibiti, da fentinsa sabo, da allo a ƙofa mai ɗauke da ranakun ganin likita. Allon bai taɓa fashi ba. Likitan ne dai ba a cika gani ba. An ce a birni akwai unguwannin da mutum zai buga waya a ce masa "gobe ƙarfe goma", kuma goben ta yi ya ga likita ƙarfe goma. Mutanen Getso suna jin wannan labari kamar yadda suke jin labarin teku. Su nasu rabon shi ne a yi sammako, a nemi mota, a karɓi lamba, a zauna.

Wata rana wani maƙwabci mai ciwon baya, Ƙasim, ya roƙi Malam ya haɗa shi da 'yar tasa. Malam ya yagi takarda daga littafin rajista, ya rubuta da ajami: "Ikilima, ga Ƙasim, namu ne. A duba shi." Kafin la'asar Ƙasim ya dawo da magani a leda, ya tsaya bakin kasuwa yana ba da labarin yadda ya wuce mutum arba'in suna kallonsa.

Shi ke nan. Kafin damina ta fita, waɗanda a da suke gaishe shi daga kan keke sun koma sauka suna durƙusawa. Sunansa ya tashi daga Malam ya koma Baban Likita. Wani ya zo don kansa, wani don surukarsa ta Kara, wani don abokin ƙanen matarsa na Madadi. Malam bai taɓa karɓar ko goro ba, kuma bai taɓa hana kowa ba.

"Malam," in ji matarsa Ladidi, "ka taɓa tambayar yarinyar nan ko tana iyawa?"

"Taimako ne, Ladidi. Mai nuni ga alheri kamar mai aikata shi ne."

"To, Allah ya ba da lada. Kai da alƙalami, ita da aikin."

Ita kanta Ikilima, da ta zo gida da sallah, ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, takardun nan suna da yawa fa." Malam ya yi murmushi. Ya ɗauka yabo ne.

Da kaka ta yi, yana zagaya gonarsa ta wake, tushiyar kara ta soke shi a tafin ƙafa. Ya shafa man zafi ya ɗaure da tsumma. Bayan mako guda ƙafar ta ƙi shiga takalmi, zazzaɓi ya fara rufe shi. Sau huɗu ya buga waya kafin Ikilima ta ɗauka, ana ta hayaniya a bayanta.

"Baba, ka zo gobe da safe, kada ka ƙara kwana. In ka iso ka kira ni."

Washegari ya sa babbar rigarsa ta zuwa Juma'a, takalmi a ƙafa ɗaya, ya shiga mota. Bai yi sammako ba. Wa ya taɓa ganin mai rijiya yana layin ruwa?

Da ya isa ya kira, wayar ta yi ta ƙara babu amsa. Ya ɗingisa zuwa barandar ganin likita, inda wani magidanci mai suna Ja'afaru yake zaune a tebur yana raba lamba. Benci biyu ne dogaye, duka a cike.

"Sannu da zuwa, Baba. Lamba ko takarda?"

"Wace takarda?"

"Takardar Malamin Getso. Masu ita ga bencinsu can, su ake fara gani. Marasa ita su karɓi lamba."

Malam ya gyara rawani. "Ai ni ne Malamin Getson. Ni na haifi likitar."

Ja'afaru ko ɗago kai bai yi ba. "Madalla. A watan nan kai ne uban likita na uku. Shekaranjiya ma wani ya zo ya ce shi ya raɗa mata suna."

Malam ya waiwaya bencin masu takarda don ya sami mai shaidarsa. Ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, mutum ya fi ashirin, kowa riƙe da rubutun hannunsa, amma babu wanda ya taɓa gani. Takardun sun yi tafiyar da shi bai yi ba. Ya ari biron Ja'afaru, ya nemi guntun takarda, ya rubuta wa kansa: "Ikilima, ga ni." Zazzaɓi ya sa hannun yana rawa.

Ja'afaru ya karɓa, ya gwada da wata ta kan tebur, ya girgiza kai. "Haba Baba. A gabana? Da furfurarka? Ko kama ma bai yi ba. Rubutun Malam a miƙe yake." Ya miƙa masa lamba. "Arba'in da bakwai."

Aka matsa masa a ƙarshen bencin masu lamba, kusa da wata tsohuwa mai tari. Ta dubi ƙafarsa ta yi masa sannu, ta ce sunanta Indo, daga wani ƙauye can bayan Kabo.

"Yau zuwana na uku," in ji ta. "Kullum asuba a hanya take yi mini. Sai an kusa kaina, sai 'yan takarda su cika wuri, a ce sai gobe. Kai daga ina?"

Malam ya yi gyaran murya. "Daga wajen Gwarzo."

"To kana kusa. Ka san malamin nan?"

"Ina dai jin labarinsa."

"An ce mutumin kirki ne. Kirkinsa ya bar ni da tari wata biyu. Mu da ba mu haifi likita ba, ba mu san wanda ya haifa ba, sai mu mutu ke nan? Ni ba na zagin malamai. Roƙona ɗaya, Allah ya zaunar da shi a bencin nan ko na yini guda."

"Ai Allah mai karɓar addu'a ne," in ji Malam a hankali.

"Ka ce amin mana."

Ya ce amin.

Haka ya zauna yana kallon baƙi suna shiga da sunansa, ɗaya bayan ɗaya, ƙafa tana zogi. Sai da aka kira azahar ƙofa ta buɗe, Ikilima ta fito da farar riga za ta yi alwala. Ta hango shi, ta ƙaraso da sauri ta durƙusa.

"Baba! Tun yaushe? Wayyo, wayar tana cikin jaka. Taso mu shiga."

Ja'afaru ya miƙe tsaye, biro ya faɗi daga hannunsa. Indo ta rufe baki da gefen mayafi. Duk barandar ta yi tsit, Malam kuwa ya ji irin abin da yake ji in ya hau kan darasi.

"A'a," ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Daga yau babu takarda. A bi lamba. Ni na arba'in da bakwai ne, zan jira."

"Baba, ƙafar nan fa..."

"Na ce zan jira."

Bencin masu lamba ya ɗauki sa albarka. Bencin masu takarda ya ɗauki gunaguni. Bayan sallah aka fara kira bi da bi. Indo ta shiga ta fito da maganinta, ta wuce ta gabansa ta ce, "Malam, a yafe," ba ta tsaya jin amsa ba don kada mota ta bar ta. Ana kan lamba ta talatin da ɗaya aka shigo da wata mai naƙuda da haihuwa ta zo mata da gardama. Ikilima ta fita da gudu, da yake ita kaɗai ce likita a asibitin. Can Ja'afaru ya tashi, yana kauce wa idon Malam, ya yi shela: "Jama'a, a yi haƙuri, sai gobe."

Baranda ta watse. Aka bar Malam da ladansa da kumburarriyar ƙafa.

Rana ta yi sanyi sosai kafin Ikilima ta fito, idonta ja wur don gajiya. Ta kama shi ta sa a motarta. Ta ce in ta buɗe ofis yanzu, waɗanda ke raɓe a bakin ƙofar asibiti za su dawo. Sai da suka yi nisa a hanyar Gwarzo ta tsaya a gindin wata darbejiya, ta ɗauko akwatin kayan aikinta, ta durƙusa a ƙasa ta kwance tsumman. Ta duba ciwon da kyau.

"Baba, da ka ƙara kwana uku, da ba ni zan duba ƙafar nan ba, sai dai birni."

Ta wanke, ta matse, Malam yana salati. Tana cikin naɗa bandeji wani mai babur ya ci birki, ya leƙo.

"Salamu alaikum. Hajiya, likita ce? Don Allah ga wani ƙurji a wuyana, kwana tara ke nan..."

Ikilima ta dubi mahaifinta, dariya ta kusa kufce mata.

"Bawan Allah," in ji Malam, "tsaya ta gama da ni tukuna. Tun hantsi nake layi."

Ƙafa ta warke cikin mako uku. Malam bai sake rubuta wa kowa takarda ba. Duk wanda ya zo sai ya yi masa addu'a, ya ce ya yi sammako. Ba a daɗe ba magana ta zaga gari cewa ai dama an sani, boko in ya shiga gida sai ya raba mutum da jama'a, kuma tun da Malam Abdulmuttalib ya haifi likita ya fara girman kai.