Tudun da Tela Yake Sauka

Tun ranar da ƙirjin Tela ya riƙe shi yana tsakar ɗinki, aka kwashe shi ranga-ranga zuwa asibiti, ya daina yarda da zuciyarsa. Likita ya ce ya ajiye mota, ya riƙa zuwa shago a keke, kuma in bugun ya ƙaru a hanya kada ya tsorata, shi ake so, muddin babu ciwo. Tela ya ce to. Amma ai yayansa ma da murmushi ya fito daga asibiti, bai rufe wata ba ya yanke jiki ya faɗi a matakalar bene, bai sake tashi ba.

Keke dai ya saya, ya lulluɓe motar da tampol. Sai dai a hanyar shago akwai wani dogon tudu, makarantar jikarsa na can samansa. Kullum ya iso gindin tudun, da ya ji ƙirjinsa ya fara lugude, sai ya sauka ya tura. Tsoro ne tsagwaronsa, ko matarsa bai taɓa gaya wa ba. Jikar ce ta hango shi ta tagar aji, ta kuwa samu abin tsokana.

"Kaka, wai kai kake hawan keken nan ko shi yake hawanka?"

Wata safiya yana ɗaura agogo zai fita, sai waya ta yi ƙara. Malamar ajin yarinyar ce. "Baba, asmarta ta tashi. Mun zazzage jakarta, babu maganin."

Ga shi nan kuwa a kan firij, ɗan shuɗin abin da take fesawa a baki. Matarsa ta ɗora hannu a ka tana salati. Tela ya fizge tampol, ya faɗa mota, ya murɗa makulli. Ƙit. Ya sake murɗawa. Ƙit. Motar da aka yi watanni ba a tayar ba, batir ya daɗe da mutuwa. Ya leƙa titi, ko mai babur ɗaya babu.

Bai san lokacin da ya hau keken ba. Ya wuce mai faci, ya wuce kantin magani da ba a buɗe ba tukuna, sai ga tudun a gabansa. Ƙafarsa ta dama ta sauka daga feda da kanta, don ta saba. Ya mayar da ita.

A tsakiyar hawan zuciyar ta fara abin da yake gudu. Tana duka har cikin kunnuwansa, maƙogwaro ya bushe ƙamas, gumi na shiga masa ido. A zuci ya ga yayansa kwance a kan matakala, takalmi ƙafa ɗaya. Nan zan faɗi, ya ce a ransa, kuma ba wanda zai san abin da ke aljihuna na waye. Sai ya zaro maganin ya damƙe shi tare da kan keken, don duk wanda ya tsince shi ya fara ganinsa. Ya miƙe tsaye a kan feda yana kiran sunan Allah, sarƙa na kuka.

A ofishin shugabar makaranta ya sami yarinyar zaune a benci, kafaɗunta na ɗagawa, leɓɓanta sun canja launi, numfashinta na fita kamar ana busa usur. Malamar ta karɓi maganin daga hannunsa ta fesa mata. Aka jira. Aka sake fesawa. Can sai kafaɗun suka fara sauka.

Tela ya zube a ƙasa ya jawo ta jikinsa. Ta kwantar da kai a ƙirjinsa, tana saurare.

"Kaka, zuciyarka tana ta gudu."

Shi ma ya kasa kunne, a tsorace. Tana gudu kam, da ƙarfi. Amma babu ciwo ko kaɗan, kuma yana ji tana lafawa a hankali, ba wanda ya taɓa ta.

Yarinyar ta ɗago, muryarta a dishe. "Yau ma turo keken ka yi?"

Ya buɗe baki zai rama tsokanar, sai kuka ya ƙwace masa.