Ɗakin Auta

"Ban da kai, wa kuma ya ji?" matar da ke bayan kantar ta tambaya.

Mai Aski ya gyara tsayuwa. Tun safe yake kan bencin ofishin rabon gado na kotu, ƙafafunsa har sun yi tsami.

"Auta ya ji," ya ce. "Yana zaune a bakin gadon."

"Wane ne Auta?"

"Ƙanin mamacin. Shi aka bar wa ɗakin."

Matar ta cire tabarau ta murza idanunta. Ba mai faɗa ba ce, gajiya ce kawai ta cika mata fuska. "Baba, wanda aka yi wa wasiyya ba ya zama shaidar kansa. Kai kaɗai ke nan. Bakin mutum ɗaya ba ya tsayar da magana irin wannan, sai dai in 'ya'yan ne suka yarda don kansu. Ranar zama ka faɗa a gaban alƙali, su ma suna wurin."

Ya ce ya gode, ya lalubi hularsa, ya fito.

Mamacin maƙwabcinsa ne, Kafinta, wanda bango ɗaya ya raba gidansa da shagon aski. Tun suna da baƙin gashi suke tare, kuma kullum cikin tsiya. Mai Aski ya ce kujerar da Kafinta ya gyara masa har yanzu rawa take yi, Kafinta ya ce kujerarsa lafiyarta ƙalau, ƙasar shagon ce karkatacciya kamar mai shagon. Matar Kafinta ta daɗe da rasuwa. Ɗansa direban babbar mota ne, 'yarsa malamar makaranta a wani gari mai nisa. Gidan ya rage daga shi sai ƙaninsa, makaho tun yarinta, wanda duk unguwa ke kira Auta ko da yake furfura ta gama cin kansa.

Saboda Auta ne Kafinta ya kafa dogon katako a jikin bango, daga ɗakin ƙofar gida ya bi tsakar gida, ya wuce famfo, ya kai banɗaki. Tafin hannun Auta ya goge katakon nan har yana sheƙi. A cikin gidan, in ka gan shi yana tafiya, ba za ka ce ba ya gani ba.

Da ciwon ƙirji ya ci ƙarfin Kafinta, asibiti suka ba shi magani suka ce ya koma gida ya huta. Kowa ya gane abin da hakan yake nufi. Wata rana da la'asar Mai Aski ya shiga duba shi, ya tarar ya rame har ƙashin wuyansa ya fito, Auta na gefensa yana yi masa fifita da kwali.

"Zauna nan," in ji Kafinta. "Ɗakin ƙofar gida na Auta ne, har ƙarshen ransa. Ka faɗa wa yaran. Ko sayar da gidan za su yi, a bar masa shi."

"Kai za ka faɗa musu da bakinka. Ina za ka je ba ka gyara min kujera ba?"

Kafinta ya so ya yi dariya, tari ya ƙwace ta. Da ya lafa sai ya kama hannun abokinsa. "Ka ji dai ko?"

"Na ji."

Washegari da hantsi, Mai Aski na tsakiyar yi wa wani gyaran fuska, ya ga Auta ya biyo bango ya tsaya a bakin shago, ba takalmi.

"Yaya ya daina tari," ya ce. "Na kira shi bai amsa ba. Zo ka duba min."

Bayan an yi jana'iza mutane sun watse, sai zirga-zirga ta soma. Direba yana kan hanya, Malama ba ta samun hutu, don haka Mai Aski ne ya riƙa rufe shago yana zuwa. Aka ce a kawo takardar shaidar mutuwa. Da aka kawo, aka ce asibiti sun yi kuskuren harafi a sunan, a koma. Aka nemi takardun gida, aka nemi sunayen magada. Sunan Auta bai shiga ba, domin an ce inda akwai ɗa namiji ƙani ba shi da kaso. Sannan kotu ta turo mai ƙiyasta gida, wani saurayi mai ladabi, ya auna ɗakuna da tef, ya ƙwanƙwasa ƙofofi, ya zo kan katakon bango.

"Wannan kuma na mene ne? Mai saye zai ce a cire."

Auta yana tsaye a wurin, hannunsa a kan katakon. Saurayin ya ɗago ya dube shi sosai, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Yi haƙuri, Baba."

Ranar zama, ɗakin alƙali ƙarami ne, fanka na juyawa ba iska. Mai Aski ya miƙe ya faɗi abin da ya ji, bai ƙara ba bai rage ba. Alƙali ya saurara har ƙarshe, sannan ya juya ga 'ya'yan.

"Kun ji. Ni ba zan iya tilasta muku ba. Kun amince?"

"Ni na amince," Malama ta ce da sauri.

Direba ya daɗe yana murza makullin mota a hannunsa. "Baba Mai Aski ba ya ƙarya, na sani," ya ce. "Amma ranka ya daɗe, mai gidan da nake haya ya ba ni notis in tashi. Ni da yarana huɗu ɗaki ɗaya muke kwana. Gidan nan bai rabuwa biyu, kuma duk wanda na kawo ya gani, da ya ji akwai mutum a ciki sai ya juya. Ni ya zan yi?" Muryarsa ta karye. "Baffa ne ya goya ni fa. Ba ƙinsa nake yi ba."

"To ka bari mana har..." Malama ta fara, sai ta kasa ƙarasawa, domin ta san abin da ke ƙarshen maganar.

Auta ya yi gyaran murya. Ba wanda ya tambaye shi, amma alƙali ya ce a bar shi.

"A sayar," ya ce. "Yaya ya faɗa, na ji daɗi da ya faɗa. Ya isa. Ba zan zauna a ɗaki yara suna jiran ranar da zan mutu ba."

Mai Aski ya juyo wurinsa. "Auta, amana ya ba ni."

"Ka sauke ta ai. Ba ga shi ka faɗa ba?"

Direba ya kifa kai a gwiwa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Auta ya miƙa hannu yana lalube har ya sami ƙeyarsa, ya bar hannun a wurin. Alƙali ya jira su, sannan ya yi rubutunsa.

Ba a daɗe ba aka sami mai saye. Malama ta ce Baffa zai koma wurinta; gidan bene take haya, ɗakinta a sama, amma ta ce zai saba. Kayansa duka jaka ɗaya ce da rediyo.

Ranar tafiya, mota na tsaye a ƙofar gida ana ɗaure kaya, Auta ya shigo shago ya zauna.

"Yi min aski. Kada in je garin mutane su ce daga daji aka kamo ni."

Mai Aski ya yafa masa ƙyalle ya ɗaure a wuya. Ya yi aikin a hankali, fiye da yadda ya saba, yana bin bayan kunne, yana komawa inda ya riga ya gama.

"Matakala nawa ta ce?" ya tambaya.

"Ban tambaya ba. Ƙafata za ta gaya min." Sai Auta ya ƙara da cewa, "Can ba wanda ya san ni da Auta. Tsoho za su riƙa cewa."

Aka danna hon. Malama ta leƙo ta ce, "Baffa, rana tana yi." Ta kama hannunsa, ta kai shi mota, ta dafa masa kai kada ya bugi ƙofa. Mai Aski ya ɗaga hannu, sai ya tuna, ya ce da ƙarfi, "Allah ya kiyaye hanya!" Motar ta sha kwana.

Ya koma shago ya ɗauki tsintsiya. Farin gashi ya zuba kewaye da kujerar, iskar ƙofa tana ɗan motsa shi. Ya tsaya yana kallo, tsintsiyar a hannunsa.