Robar da Ta Maƙale a Jikin Inji

Shekara talatin da ɗoriya Malam Sanda ya yi yana gyaran mashin a rumfar kwano ɗaya, a bakin hanyar da ta fita daga Malumfashi zuwa Kafur, kuma a duk tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa jin ya ce "ban sani ba." Ba wai ya san komai ba ne. Bakin ne dai bai saba da kalmar ba.

Mashinan da ya saba da su na manoma ne da 'yan acaɓa, waɗanda filtar mansu ke can cikin inji. 'Yar rariya ce kamar ta tace shayi: ka kwance murfi, ka zaro ta, ka wanke da fetur, ka hura, ka mayar. Wannan ko ido a rufe zai yi. Shi ya sa ranar Talatar da Abdulmutallib, malamin dabbobi mai zagaya rugage yana yi wa shanu allura, ya kawo sabon mashin ɗin da wurin aikinsu suka ba shi, Malam Sanda ya daɗe yana zagaya shi yana taɓe baki. Filtar wannan a waje take, wani baƙin gwangwani ne kamar na madara, ɗaure a gefen inji, kowa na gani.

"Baba Sanda, juye ya isa," in ji Abdulmutallib. "Ga baƙin mai, ga sabuwar filta, tare suka ba mu. Sun ce wannan ba a wanke ta, cirewa ake a jefar a ɗaura sabuwa. In kana ganin da damuwa sai in bari ran Asabar in kai Funtua, akwai masu..."

"Funtua?" Malam Sanda ya ɗago. "Rabin masu garejin Funtua a rumfar nan suka koyi riƙon sifana. Kafe shi nan."

Abdulmutallib ya yi dariya ya kafe mashin. Tun yana makarantar sakandare nan yake kawo keken babansa, ya san halin tsohon.

Aikin bai ɗauki ko rabin sa'a ba, kuma sauƙin nasa ne ya ƙara ba Malam Sanda haushi. Ya tsiyaye tsohon mai, ya murɗo gwangwanin ya wurga cikin kwanon juye, ya ɗauko sabon ya murɗa a wurin da hannu ɗaya, fuskarsa na wajen Abdulmutallib yana ta bayani.

"Wannan ai ragon aiki ne. Abin da ke tsare ran inji a ajiye shi a waje? A hanyoyinmu? Dutse ya buga, kututture ya kwasa, shi ke nan. Waɗanda suka ƙera shi ba su taɓa bin hanyar ruga da damina ba."

Ya zuba sabon mai, ya tayar da inji, ya leƙa ƙasa. Ko ɗigo babu. Abdulmutallib ya ce zai biya ofis ya ɗauki allurar shanu a kula, akwatin sanyi, amma sai ya jira mai kawo ƙanƙara, don haka ba zai kama hanya ba sai wajen sha biyu. Rugagen bayan Kafur zai nufa. Ya yi godiya ya tafi.

Wajen goma da rabi Malam Sanda ya tsamo tsohon gwangwanin don ya tsiyaye sauran man da ke ciki, domin kafintoci na saye suna shafa wa katako saboda gara. Yana juya shi sai ya ga wani siririn rami zagaye da bakinsa, kuma ramin fayau yake. Ya tuna sabon da ya ɗaura: a daidai wurin nan akwai baƙin zoben roba, har ya shafa shi da babban yatsa. To, ina na tsohon?

Ya zura hannu cikin kwanon juye ya lalube shi kaf. Ya duba ƙasa, ya ɗaga tsumma, ya kakkaɓe buhun da yake kwanciya a kai. Babu. Wuri ɗaya ne ya rage, wurin da bai duba ba sa'ad da yake koya wa maƙeran mashin aikinsu. Tsohuwar robar ta maƙale a jikin inji, shi kuma ya ɗaura sabuwa a kanta.

Filtar waje baƙuwa ce gare shi, amma roba ba baƙuwa ba ce. Ya san biyu a kan juna za su riƙe muddin inji na da sanyi. In ya yi zafi, aka buɗe masa wuta, ɗaya za ta zame, mai ya tsiyaye. Kuma gwangwanin nan a gaban tayar baya yake.

Ya goge hannu, ya ciro waya daga aljihu, ya nemo lambar Abdulmutallib. Ya tsaya yana kallonta.

Ya ce masa me? "Dawo, na yi kuskure"? Shi da ɗazu ya gama raina Funtua? Ya mayar da wayar. Wataƙila ma tsohuwar filtar da ma ba ta da roba. Wataƙila ta faɗi ta gangara kwata. Ya je ya leƙa kwatar. Ya dawo ya zauna a benci, ya miƙe, ya sake ɗauko gwangwanin ya duba ramin kamar robar za ta tsiro.

Maƙwabcinsa Isah mai faci, wanda ya taɓa bin manyan motoci kafin ya dawo ya kafa injin iska, yana zaune yana goge tib. Malam Sanda ya matsa kusa da shi kamar mai shan inuwa.

"Isah, wani ne ya tambaye ni. Irin filtar nan ta gwangwani, in tsohuwar roba ta zauna aka ɗora sabuwa a kai, ai babu komai ko?"

"Babu komai?" Isah ya ajiye tib. "Malam Sanda, a gabana aka yi wa wata tirela haka. Ba mu yi nisa ba mai ya fashe kamar an buɗe famfo. Kafin direba ya taka birki inji ya buga. Wane mara hankali ne ya yi?"

"Wani ne, ba a garin nan yake ba."

Ya koma rumfarsa da abin da ya fi wanda ya fito da shi nauyi. Sha ɗaya ta wuce. Wani manomi ya kawo mashin a ɗaure masa sarƙa, Malam Sanda ya ɗaure har ta yi tauri kamar igiyar guga, sai da mutumin ya yi magana ya sassauta. Yana gamawa dabara ta zo masa: ya je ofishin da kansa, kamar wucewa yake, ya ce akwai ƙusar da yake son dubawa, ya cire robar babu wanda ya sani. Ya hau tsohon mashin ɗinsa, ya tafi har kwanar ofis. Daga nesa ya hango sabon mashin ɗin a kafe ƙarƙashin dalbejiya, ma'aikata huɗu na zaune a benci kusa da shi suna hira. Huɗu, kuma dukkansu masu kawo masa gyara. Ya rage wuta, ya yi kamar zai tsaya, sai kuma ya zarce, ya zagaya ta bayan kasuwa ya dawo rumfa. Ya ce wa ransa bari su watse tukuna.

Mutum mai hankali ne Malam Sanda, abin takaicin ke nan. Ya san abin da yake yi sarai, kuma yana jin kunyar kansa, amma ɗaya kunyar, ta amsa kuskure, ta fi ƙarfi. Aka kawo masa ɗanwake ya sa cokali sau biyu ya ture. Ya share rumfar da ya share da safe. Sau uku yana ciro waya.

Sai sha biyu da rabi ya danna. Wayar ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Wanda ke kan mashin ba ya jin waya. Ya sake kira, ya sake, a na huɗu aka ce ba a samun lambar.

Bai ko rufe akwatin kayan aiki ba. Ya zari sifana da tsumma ya cusa a aljihu, ya ce wa Isah ya duba masa rumfa, ya buga mashin. A ofis aka ce masa ai Malam Abdulmutallib ya daɗe da tafiya.

Rabonsa da irin wannan gudu tun yana saurayi. Masara ta kai kafaɗa dama da hagu, hanya ta yi laushi da ruwan jiya, shi kuwa idonsa na kan kwalta yana neman abin da ba ya son gani. Duk baƙin tabo sai ya zaci mai ne, in ya matso ya ga tsohon faci ne ko kashin shanu. Yana tafe yana addu'a, yana yi wa Allah alkawura iri-iri. A Kafur ya tsaya wajen masu sayar da fetur a kwalba, bai ko kashe inji ba.

"Kun ga malamin dabbobi? Sabon mashin, da kula a baya?"

"Ya wuce, bai daɗe ba. Har ya tsaya ya sha ruwa."

Ya tsaya ya sha ruwa! Malam Sanda ya ciji leɓe ya ƙara wuta.

Bai yi nisa da gari ba ya ga ɗigon farko, sabo, yana ƙyalli. Sai na biyu, sai suka jeru, sai suka zama layi mai faɗin tafin hannu. Layin ya bi hanya har wata kwana, a nan ya karkace ya fita daga kwalta.

Mutane bakwai ko takwas ne a gindin wata ɗorawa. Mashin na kwance a gefen gona, tayar baya ta yi sharkaf da mai. Kula ta buɗe, kwalaben allura sun farfashe, ƙanƙara na narkewa cikin jar ƙasa. Abdulmutallib na zaune jingine da itace, wandonsa a yage, gwiwa na jini, ya rungume hannun dama a ƙirji, kuma ko daga nesa ana ganin wuyan hannun ba daidai yake ba. Wani dattijon makiyayi, Malam Jibril, wanda ya fito bakin hanya don ya yi masa jagora zuwa ruga, yana tsugune yana yi masa fifita da malafa. An riga an aika a kira mota.

"Baba Sanda?" Abdulmutallib ya ɗago da mamaki. "Wa ya gaya maka?" Bai jira amsa ba, ya yi wani guntun murmushi na mai jin ciwo. "Maganarka ta fito fa. Ina jin dutse ne ya bugi filtar nan. Ina shiga kwana baya ya kwashe."

"Kayan zamani ke nan," in ji wani manomi. "Kyau a ido."

"Wallahi," wani ya amsa. "Namu na da, ina ka taɓa jin haka?"

Malam Sanda ya ratsa ta tsakaninsu. Ya je ya durƙusa gaban mashin, ya juya wa mutane baya, ya naɗe gwangwanin da tsumma don da sauran zafi, ya murɗo shi. Ko ƙwarzane babu a jikinsa. Sabuwar roba na zaune a raminta. Tsohuwar kuwa ga ta nan a jikin inji, ta zame gefe guda ta tsinke. Ya ɓamɓaro ta da farce, ta shige tafin hannunsa, ya dunƙule.

Babu wanda ya gani. Aljihu na nan kusa. Mutane sun riga sun yanke hukunci, kuma hukuncin ya yi daidai da abin da ya faɗa da safe. Ya daɗe a durƙushe, har Malam Jibril ya ce, "Malam, lafiya?"

Ya tashi, ya zo gaban Abdulmutallib ya tsuguna, ya buɗe hannu.

"Ba dutse ba ne. Mashin ba shi da laifi. Tsohuwar roba ce na bari, na ɗaura sabuwa a kanta. Ban san aikin ba, kuma ban duba ba."

Abdulmutallib ya dubi robar, ya dubi tsohon.

"Kuskure ne, Baba. Kowa na yi." Ya numfasa, ya gyara riƙon hannunsa. "Allah ya saka, da ka biyo ni. Kana ganewa ka taho ke nan?"

Da ya ce e, da an wuce wurin. Malam Sanda ya ji kalmar ta zo har bakinsa.

"Tun goma da rabi na gane."

Ya ga yadda Abdulmutallib yake lissafa sa'o'in a ransa, ya ga lokacin da lissafin ya fita.

"Goma da rabi," in ji Abdulmutallib a hankali. "Baba, ina ofis har sha biyu. Wayata na hannuna."

"Na sani. Na zo har kwana, na hango mashin ɗinka."

Abdulmutallib bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya kawar da kai ya dubi gonar masara. Da motar ta iso, Malam Sanda ya miƙa hannu zai tallafe shi ya tashi, sai ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "Bari, Baba. Malam Jibril, kama ni."