Kunnen Dama na Sista

Shekara ashirin da huɗu Sista ta yi tana karɓar haihuwa a ƙaramin asibitin unguwarsu, kuma kullum da kunnen dama take aiki. Da shi take sauraren bugun zuciyar ɗan da ke ciki, ta ɗan ƙahon ƙarfen nan da ake kifawa a kan cikin mai juna biyu. Da shi take amsa waya. Shi ya sa lokacin da muryoyin mutane suka fara yi mata nisa, wayar ta ɗora wa laifi, har ta sauya guda biyu. Daga baya wata siririyar ƙara ta zo ta tare mata a kunnen, kamar an bar famfo a buɗe a gidan maƙwabta.

Hoton kai da aka ɗauke ta ya nuna ƙari ne ya fito a jikin jijiyar ji, can ciki, bai wuce kan babban yatsa ba. Likita ya ce ba kansa ba ce, amma yana girma, gara a cire shi.

"To, jin fa?" in ji mijinta, Malam, wanda ya yi shekara talatin yana koyar da lissafi kafin ya yi ritaya.

"Za mu yi iya ƙoƙarinmu mu tsira da jijiyar," in ji likita. "Amma ba zan yi muku alkawari ba. Na wani yakan dawo kaɗan, na wani ba ya dawowa."

An yi aikin lafiya. Da ta farfaɗo, ɗakin duk yana juya mata, bakinta ya ɗan karkace, gefen dama kuwa shiru kamar an toshe shi da siminti. Bayan kwana tara aka sallame ta, da aski a bayan kunne da ɗinki kamar na bakin buhu.

Malam mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa. Amma tun daga ranar da suka dawo gida sai ya koma ihu.

"Za ki sha shayi?" ya faɗa da ƙarfi, yana tsaye a kanta.

"Malam, don Allah, ɗaya ne ya tafi. Kada ka ƙarasa mini ɗayan."

Auta, 'yarsu ta ƙarshe da ta zo jinya, ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi kuwa ya sosa ƙeya, ya koma kicin.

Abin da ya fi damun Sista ba rashin jin ba ne, rashin sanin inda ƙara take fitowa ne. Waya za ta yi kuka a kan kujera kusa da ita, ta tashi ta nufi ɗakin kwana tana nema. In Auta ta kira ta daga kicin, sai ta waiga taga. Wata rana ta zauna a bakin gado tana hawaye, don ta yi ta zagaye falo kan ƙarar agogo ta kasa gano shi. Malam ya shigo ya zauna ta gefen hagu, ya riƙe hannunta har ta share fuska. Kullum da safe shi ke tafiya da ita daga ƙofar falo zuwa ƙarshen baranda, sau goma, tana juya kai dama da hagu kamar yadda aka koya mata don jirin ya ragu.

Mai gwajin ji, wata matashiya mai fara'a, ita ta ba su aikin gida. A toshe kunnen hagu, a riƙa faɗa wa na dama kalmomi, ko da wani abu zai motsa. Malam ya ji abin da yake so. Ya zaro sabon littafin rubutu, ya ja layi da rula, ya rubuta kwanan wata a sama.

"Lambobi goma zan faɗa. Duk wadda kika ji, ki maimaita."

Ranar farko ta ci takwas. Malam ya tashi zai kira likita, sai Auta ta ce, "Baba, bakinka take kallo."

"Au! Satar amsa a ajina?"

"Ka ce in maimaita, ba ka ce in rufe ido ba," in ji Sista.

Daga ranar ya riƙa kare bakinsa da bangon littafin. Ta ci sifili. Washegari ma sifili. Sati uku, sati shida, ba abin da ya canza. Auta ta koma wurin aikinta, gidan ya rage su biyu. Wata safiya Sista ta leƙa littafin ta ga bai taɓa rubuta sifilin ba. A gaban kowane kwanan wata ya sa: "Ta halarta."

"Mu haƙura haka, Malam," ta ce masa. "Allah ya bar mini ɗaya, na gode masa."

"Na taɓa yin ɗalibin da sai a zango na uku ya gane lissafin rabawa," in ji shi. "Toshe kunnen."

A cikin wata na huɗu ne, da hantsi, tana kwance a kan doguwar kujera ta danne kunnen hagu da matashi, ta ji wani gurnani ƙasa-ƙasa. Ta ɗaga kai, ashe firji ne. Ta sake kwanciya, ta danne kunnen sosai da tafin hannu. Gurnanin yana nan, can nesa, kamar daga ƙasan rijiya.

"Malam! Zo ka kashe firjin nan!"

Ya zo a guje da sabulu a hannu, ya zare wayar firjin daga bango. Gurnanin ya ɗauke.

"Mayar."

Ya mayar. Ta ɗaga yatsa. Sau bakwai suka yi haka, yana ɓoyewa a bayan ƙofa don kada ta ga hannunsa, kuma sau bakwai tana ɗaga yatsa daidai. Malam ya zauna a ƙasa kusa da firjin yana ta "Alhamdulillahi", yana goge ido da gefen hannu, sabulu ya shiga masa, ya ce ai shi ne ya sa shi hawaye.

Mai gwajin ji ta sa ta a wani ɗan ɗaki mai bangon soso, ta ba ta madannin da za ta danna in ta ji ƙara. Da aka gama ta nuna musu takarda. Ƙara mai kauri ta dawo kaɗan, siririya ba ta dawo ba, kuma da wuya ta dawo. Magana ba za ta fita sarai ta wannan gefen ba, amma na'urar ƙara ji za ta taimaka. Aka auna kunnen, bayan sati biyu aka saka mata.

Daga baya ta koma aiki. Mai juna biyun da aka fara shigo mata da ita cikin fari ne gare ta, duk a tsorace take. Wata abokiyar aikinta ta miƙo mata na'urar sauraro mai batir. Sista ta karɓa ta ajiye, ta ce bari ta fara gwadawa tukuna. Ta zagaya ɗaya gefen gadon, ta kifa ƙahon, ta sa kunnen hagu. Wuyanta bai saba da wannan lanƙwasar ba. Ta matsar da ƙahon ƙasa kaɗan, ta sake matsarwa. Sai ga bugun zuciyar, sauri-sauri.

"Lafiyarsa ƙalau, 'yata," ta ce. "Gudu ma yake yi." Sannan ta ɗauki mai batirin ta kunna, don uwar ma ta ji da kunnenta.

Kunnen dama bai koma yadda yake ba. A cikin taro har yanzu magana takan cakuɗe mata, sai ta nemi kujerar da ke jikin bango. Amma in mota ta taho ta damanta tana sani, bakin ma ya miƙe.

Da suka koma gwajin shekara, mai gwajin ji ta gama da Sista, ta tambayi Malam ko yana so a ba shi kwafin takardar. Bai amsa ba. Ta sake tambaya. Yana can yana duba hoton kunne da ke bango.

Matan biyu suka kalli juna.

"Baba, ko za ka ɗan shiga ɗakin nan, minti biyar?" in ji mai gwajin ji.

"Ni? Ni rakiya na zo."

"Shiga, Malam," in ji Sista. "Zan riƙe maka hula."

Ya fito yana cika yana batsewa. Takarda ta nuna siririyar ƙara ta fara kuɓuce masa a kunnuwan biyu, irin na shekaru. Ya ce na'urar gwajin ce ba ta da kyau, kuma yarinyar ba ta ba shi isasshen lokaci ba. Har suka sauko matakala yana mita.

Sista ta saƙala hannunta a nasa, tana danne dariya. "Yaushe za mu dawo a auna maka taka?"

"Me kika ce?"

"Ka ji ni sarai."

"Laraba," ya ce, yana kallon gabansa. "Amma kada ki gaya wa Auta."