Ƙwan da Ya Ƙi Nutsewa

Malama Badi'a ba ta son a ce mata yaro daƙiƙi ne. Shi ya sa da hedimasta, Malam Muntari, ya ce zai mayar da Shifa'u ajin rainon yara tunda ba ta magana, sai da ta ji kanta ya ɗau zafi.

Shifa'u ba kurma ba ce. Daga Maraɗi aka kawo ta wajen gwaggonta a unguwar Sharada ta Kano, ranar farko ta buɗe baki da irin Hausarsu, 'yan ajinsu suka kwashe da dariya. Tun daga nan ta ɗinke baki. Amma Badi'a ta sha ganinta a ƙofar kamfanin roba, inda gwaggon ke sayar wa ma'aikata dafaffen ƙwan zabi. Kafin a dafa, yarinyar ce ke zuba ƙwai a kwanon ruwa tana tsince wasu, ko tantama ba ta yi.

"Malam, ku ba ni gobe kawai," in ji Badi'a. "Ku zo ku zauna a ajina."

Washegari ta sa aka ciko baho da ruwa aka ajiye gaban allo. Darasin shi ne abin da ke nutsewa da abin da ke tsayawa a saman ruwa. Kowa ya zo da tsintuwarsa daga wurin aikin babansa: murfin jarka, noti mai tsatsa, guntun soso, yankin fata daga majemar Challawa. Kafin a jefa abu sai aji ya yi canki. Sagir, wanda bakinsa ya fi jikinsa girma, ya rantse ƙwarya za ta nutse saboda ta fi noti girma. Ƙwarya ta yi zamanta a sama, noti ya yi ƙasa, yara suka yi ta tsalle har ruwa ya jiƙa wa hedimasta takalmi. Shifa'u na can baya, ta yi tagumi.

Sai Badi'a ta fito da ƙwai biyu daga jaka. Na farko ya sulale ya kwanta a gindin baho. Na biyu, wanda ta yi yawon nema a wurin masu kaji jiya, ya taso yana lilo.

"Ikon Allah!" in ji ta. "Wannan ƙwai gwani ne, har iyo ya iya. Shi zan fasa in soya mana yanzu."

Ta ɗaga shi a hankali, ta saita bakin tebur. In yarinyar ta yi shiru, to ba ta da wata dabarar.

"Malama, kak ki hwasa shi!"

Shifa'u ce tsaye.

"Don me, Shifa'u?"

"Baragurbi ne. Mai kyau ƙasa yake kwantawa. Wanda ya ɓaci iska ke gare shi ciki, shi ya sa ruwa ke ɗaga shi."

Sagir ya ce ƙarya ne, ƙwai ai ƙwai ne. Kafin a ankara ya fizge ya buga da tebur. Wallahi warin da ya tashi ko kwatar majema albarka. Aji ya watse waje, Malam Muntari ne a gaba, hula a hanci.

A ƙarƙashin darbejiya yara suka kewaye Shifa'u, kowa na tambayar yadda ake gane ƙwan agwagwa da na kaza. Tana ta zuba bayani da Hausarta ta Maraɗi, ba wanda ya tuna da dariya. Hedimasta ya daɗe yana saurare, sannan ya juyo.

"Malama Badi'a, a bar ta a ajinki. Amma don Allah a wanke min teburin nan."

Badi'a ta ɗauki tsumma ta koma cikin warin, tana murna kamar an ba ta kujerar Makka. Ta taga tana jiyo muryar yarinyar ta fi ta kowa tashi.