Kicin Ɗin da Aka Ɗauka a Hoto

Ranar Talata ce cikin watan Agusta, an kwana ana ruwa, gari ya waye bai ɗauke ba. Wajen ƙarfe takwas na shigo Nassarawa GRA da Adaidaita Sahuna, ruwan kwata ya hau titi, ganyen darbejiya ya lilliƙe a gilashi. Gidan marigayi Alhaji Mahmudu na nufa, inda mahaifiyata take takaba.

Inna Hafsatu ta auri Alhaji ne bayan rasuwar matarsa ta fari, aka bar ni wajen kawuna a Kaura Goje. Shekara goma sha ɗaya suka yi tare, takwas daga ciki yana kwance da shanyewar ɓarin jiki. Ita ke juya shi, ita ke ba shi abinci a baki. Ba su haihu ba. Da ya rasu, 'ya'yansa biyu, Haidar da ke Abuja da ƙanwarsa da ke aure a ƙasar waje, suka ce a sayar da gidan a raba gado. Inna ba ta musa ba. Abu ɗaya ta roƙa, a bar ta ta cika wata huɗu da kwana gomanta a ɗakin mijinta. Haidar ya ce ai wannan shari'a ce ta ba ta, ba mai taɓawa.

Shi da kansa ya kira ni ranar Litinin. Ya ce za a zo ɗaukar hoton gida, in taimaka a gyara kicin. Kafin ya kashe waya ya ƙara da cewa ofishinsu na neman direba, zai tuna da ni. Na gaji da Adaidaita, na gaji da Kano. Na ce masa kafin ya tashi barci ina ƙofar gidan.

A kicin na same su. Haidar na tsaye daga bakin ƙofa kada shaddarsa ta gogi wani abu. Dillalin, wani gajere mai suna Alhaji Maharazu, yana zagayawa yana buɗe durowa ɗaya bayan ɗaya. Inna na zaune a kujerarta ta tsuguno kusa da risho, cikin hijabin da ya koɗe, tana gyaran zogale.

"Mai saye na yanzu ba ya tako ƙafa sai ya ga hoto a waya," in ji Maharazu. "Kuma Alhaji ne zai biya, amma Hajiya ce za ta zaɓa. Ita kuwa ba falo take fara dubawa ba, kicin."

"To me za a cire?" Haidar ya tambaya.

"Komai, ranka ya daɗe. Kada a ga alamar mutum. In suka ga tukunya a kan wuta za su ce akwai mai zama a ciki, daga nan sai a fara tambayar ko gidan rigimar gado ne."

Inna ta ɗago kai. "Na ɗora sanwa, Haidar. A bari in sauke."

"Anti, na awa biyu ne kawai. Ana gama hoto Auwalu zai mayar miki da komai."

Ta dube ni. Na ce, "Haka ne, Inna."

Ta miƙe ta kashe rishon.

* * *

Ban taɓa yin aiki da zuciya ɗaya kamar na ranar nan ba. Na kwashe tukwane, na ƙarfe da na ƙasa. Na fitar da turmi da taɓarya, da rariya, da muciya, da kwallayen da take ajiye kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa. Maharazu ya ce kada a jibge su a tsakar gida don can ma za a ɗauka, sai na loda su a Adaidaita a waje, na rufa musu buhu. Na kankare baƙin hayaƙin bango da soson ƙarfe har yatsuna suka yi jini. Inda ya ƙi fita, Maharazu ya sa aka shafa farin fenti.

A bayan tagar kicin na ga wani gwangwanin madara cike da ƙwallayen dabino. Na juye su a kwandon shara, na kai bola a ƙarshen layi.

Maharazu ya buɗe but ɗin motarsa ya fito da kayan aikinsa: butar shayi mai walƙiya wadda ba a taɓa zuba wa ruwa ba, kofuna shida farare, da kwanon gilashi cike da tuffa da ayaba na roba.

"Gida na goma sha tara ke nan da ayabar nan ta sayar," ya ce yana goge ta da hularsa. "Ta fi wasu yarana amfani."

Haidar ya yi dariya. Ni ma na yi.

Mai hoto ya iso bayan azahar, da ruwa ya ɗan tsagaita. Ya kunna duk fitilu, ya durƙusa a lungu, ya leƙa, sannan ya sauke kyamarar.

"Akwai mutum a gilashin kabad."

Inna ce. Tana tsaye a baranda, inuwarta ta faɗo a gilashin.

"Hajiya, ɗan matsa kaɗan," in ji Maharazu.

Ta matsa.

"Har yanzu ina ganin hijabin."

Ta ƙara matsawa, har ta fita daga ƙarƙashin rumfa, yayyafi na sauka a kanta. A nan ta tsaya har aka gama. Da mai hoton ya nuna mana a kyamara, ban gane wurin ba. Fari tas, fili, kamar ba a taɓa soya albasa a cikinsa ba.

"Auwalu, hannunka na da kyau," Haidar ya ce, ya dafa kafaɗata. Daɗi ya kama ni, ba zan ɓoye ba.

Na juya zan fara shigo da kaya, sai na ji ƙarar mukulli. Maharazu ne ya kulle kicin ɗin, ya miƙa wa Haidar.

"Yaya Haidar, kayan Inna fa?"

"A bar shi haka tukuna. Masu saye za su zo gani, dole su tarar da abin da suka gani a hoto. Sa mata kayan a ɗakin maigadi."

"A ina za ta yi girki?"

"Zan sa a riƙa kawo mata daga gidan abinci. Ai hutu ne ma a gare ta." Ya duba agogo. "Jirgina ƙarfe biyar ne."

Na buɗe baki. Na tuna ofishin Abuja. Na rufe.

* * *

Da la'asar na same ta a ɗaki, a kan dardumar salla.

"Auwalu, ka ga wani gwangwani a bayan taga?"

"Na ƙwallon dabino? Na zubar, Inna."

Ta gyara zama a kan dardumar.

"Kullum da asuba nakan ci dabino ɗaya, in yi masa addu'a, in jefa ƙwallon. Da shi nake lissafin kwanakina. Ɗari da bakwai ne yau."

"Zan lissafa miki a waya. Ba abin da ya ɓace."

"Na san lissafina," ta ce. "Je ka, kada ruwa ya tare ka."

Abincin gidan abinci ya zo kwana uku, rana ta huɗu bai zo ba. Inna ba ta gaya wa kowa ba, maigadi ne ya kira ni. Na zo na tarar ta kafa duwatsu uku a bayan gida, gindin mangwaro, tana fama da jiƙaƙƙen icce. Washegari Maharazu ya kawo masu gani, ya hango hayaƙi, ya kira Abuja. Haidar ya kira ni.

"Ka yi wa Anti magana. Ba korarta nake ba, Allah ya sani. Amma hayaƙi a GRA, gaban baƙi?"

"Yaya, saura kwana goma sha takwas."

"Na sani. Ni ma ina ƙirgawa."

Na riƙa kawo mata tuwo daga Kaura Goje a kula, safe da yamma. Tana ci kaɗan ta ture. Duk sanda aka zo ganin gida, sai a ce ta shiga ɗaki ta ja ƙofa. Ta nan take jin matan mutane suna yaba kicin ɗinta.

Mako ɗaya da ɗaukar hoto aka sayi gidan. Mai sayen ya ce sharaɗinsa a ba shi mukulli ranar Juma'a, zai fara gyara. Haidar ya zo da kansa, ya zauna a ƙasa gaban Inna, ya sunkuyar da kai.

"Anti, na tambayi malamai. Sun ce in akwai lalura, mace za ta iya ƙarasa takaba a wani gidan."

"Wace lalurar ka gaya musu?"

"An sayar da gidan, Anti."

"Wa ya sayar?"

Ya ƙara sunkuyar da kai. Ba ta sake tambaya ba. Ta ce mini in kawo Adaidaita.

* * *

Ranar Juma'a da hantsi muka fita. Ita ce fitarta ta farko daga ƙofar gidan tun ranar da aka fitar da gawar Alhaji. Ta zauna a baya tsakanin ƙullin kaya, ta ja hijabi ta rufe fuska, ba ta waiwaya ba. Haidar ya ce zai kira ni kan maganar aiki. Har yau wayata a kunne take.

Ɗakina ɗaya ne a Kaura Goje, na bar mata, na koma kwana a shagon wani abokina. Da muka sauke kaya ta zauna a bakin ƙofa tana dubawa ɗaya bayan ɗaya, ni ina tsaye. Tukunyar ƙasa biyu sun fashe a ramin titin Badawa. Kuka kwalla ɗaya da daddawa kwalla ɗaya sun yi fumfuna a ɗakin maigadi. Turmi mun baro shi, ba wurin sa shi. Takabarta kuwa, saura kwana goma sha uku.